Mujiyar Zahari

Zahari mijin Velika da girmansa ya koyi karatu, gemu har ya fara furfura, kuma a gaban talabijin ya koya. A lokacin tambarin tashar ilimi ta gwamnati mujiya ce zaune a kan littafi. Daga baya suka cire ta suka sa furen rana, suka cire furen suka sa wata tsintsiyar launuka. Duk canjin da aka yi sai Zahari ya wuni yana zagi, amma bai taɓa murɗa tashar ba.

Da ya rasu aka lulluɓe madubai da talabijin da farin ƙyalle, kamar yadda ake yi har ranar arba'in, don kada ran mamaci ya ga gilashi ya maƙale a ciki.

Sai ga maƙwabciyarta Tsonka, uwar kawo rahoto, ta leƙo ta katanga.

"Ke Velika, sun sake canza tambarin! Ɗigo uku kawai, kamar kashin akuya. Da tsohonki na nan da yau mun ji ashar."

Velika dai ba ta iya barin abu ya wuce ta. Da hantsi ta ɗaga ƙyallen, wai leƙe ɗaya. Ga ɗigo uku nan. A ƙarƙashinsu kuma, toka-toka, ga mujiya tana kallonta. Ta kashe. Mujiya na nan. A bayanta kujerar Zahari ta yi ƙara irin wadda take yi idan ya gyara zama.

Daga ranar kullum sai kujerar ta yi ƙara.

'Yarta Rumyana ta zo daga birni ta duba. "Mama, ƙonewa ce. Shekara da shekaru tasha ɗaya, dole hoton ya zauna a gilashi. Zan kawo sabuwa, wannan a kai bola."

"Uban naki za a kai bola?"

"Haba Mama!"

"Da can ina mujiyar take? Ni na buɗe, ni na kama ransa a ciki."

Ranar arba'in mata suka ɗauki dafaffiyar alkama da giya zuwa maƙabarta. Velika kuwa ta biyo bayansu da baro, talabijin a ciki an naɗe ta da bargo. Fada, limamin cocinsu, ya gani ya kau da kai. Tsonka ta ce, "Eriya fa, ko marigayin zai riƙe da hannu?" Babu wanda ya yi dariya.

Velika ta sauke talabijin ɗin a gefen kabarin, ta juya gilashin ya fuskanci gicciye, ta yaye bargon.

"To fita, dattijo. Ba su dawo da mujiyar ba, kuma ba za su dawo da ita ba. Ɗigo uku ne yanzu, ba abin da za ka zauna kallo."

Ta zuba giya a ƙasa, ta jira har alkama ta ƙare, mutane suka watse. Sannan ta turo baronta wayam.

Kujerar ba ta sake yin ƙara ba. Velika ta saurara, ta saurara. Tsonka ta rantse ta gan ta ta taga tana danna kujerar da hannu, a hankali, ko za ta amsa.