Mahaucin Nan na Gabon

Rahamatou ta ɗaga wayarta sama, ta juya gabas ta juya yamma, ta hau matakala ɗaya ta ƙara ɗagawa. Babu rezo, wato sabis ɗin intanet, ko na rantsuwa. Wani ne ya ce mata a ƙofar wannan otal na bakin teku ana samun intanet ɗin Turawa, shi ya sa ta taso tun daga unguwar Awendjé da kwamfuta a jaka, sai ta tarar zancen teburin mai shayi ne kawai. Mai gadi ya gaji da kallonta ya ce ta matsa. Tun da aka faɗi sakamakon zaɓe gari ya hargitse, hukuma ta datse intanet, sojoji suka cika mararraba. Kowa na addu'ar a buɗe don ya gaisa da nasa, ita kuwa so take a buɗe don ta rushe abin da ta gina da hannunta.

Sana'arta ke nan, gina wa ƙananan 'yan kasuwa shafi a intanet. Tela, mai turare, mai gyaran firji a Oloumi, duk wanda ya yarda sai ta ɗauke shi hoto, ta zauna ta ji labarinsa, ta tsara shi yadda mai karatu zai ji kamar ya daɗe da sanin mutumin. Yarinya ce mai yawan tafiya a zaune. Kana mata magana, ita tana can tana zaɓar launin da zai dace da muryarka. Bana kuwa aiki ya yi wuya. Naira ta faɗi, 'yan Kano da ke ba ta aiki sun ɗaure bakin aljihu, ga raɗe-raɗin wai sefa ma za a sake karya ta. Don haka da ta samu Malam Ikirama, sai ta zuba masa duk basirar da Allah ya ba ta.

Malam Ikirama abokin mahaifinta ne, dattijo mai gasa nama a unguwar Nombakélé. Ta ce masa in ta yi masa shafi, ma'aikatan ofis za su riƙa kira yana aika musu. Shi ya ɗauka wani allo ne irin na ƙofar shago, ya ce ta yi. Da ta tambaye shi labarinsa, sai ya ba ta kamar yadda uba ke ba 'yarsa. Ashe ɗan limamin wani ƙauye ne kusa da Tasawa ta ƙasar Nijar. Shekarar da aka raba darajar sefa biyu, ɗan jarin littattafan da yake sayarwa ya narke, ya biyo jirgin ruwa ta Kalaba da niyyar ya zo ya karantar. Yunwa ta kai shi gindin wutar wani mahauci, daga nan bai ƙara tashi ba. Ita kuwa gani ta yi ta tsinci dami a kala. Ta rubuta da Faransanci da Hausa, ta sa hotonsa babba, wuƙa a hannu, hayaƙi na tashi ta bayansa, yana dariya. Ta ɗora shafin, ta tura wa rukunin 'yan Nijar a waya, da yammacin ranar aka datse rezo.

Sai daga baya ta kai masa kwamfuta ya gani. Ya daɗe yana kallon kansa, sannan ya tambaya su wa ke ganin wannan abu. Ta ce masa, har da ɗaga kai, ai duniya duka, har Tasawa.

"Har Tasawa," ya ce, ya laluba benci ya zauna.

A nan Gabon aka haife ta, ba ta taɓa taka Nijar ba, to ina za ta sani? Shi ya warware mata a hankali, ba faɗa, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. A gida fawa gado ce, ɗan liman ba ya riƙe wuƙarta. Tsohuwarsa tana da rai, abin da ta sani kuwa ɗanta na karantar da yara a Gabon. Da wannan take shiga taron mata, don shi ake tashi a ba ta tabarma. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Haka 'yan ci-rani ke rufa wa juna asiri, wani na turin kura, wani na wankin mota, in an koma gida kowa ya sa babbar riga, ba mai tona wani. Shekara da shekaru mutanen ƙauyensa na zuwa suna cin namansa suna komawa, ba wanda ya ce uffan. Abu ɗaya ya roƙe ta, ta sauke shafin kafin ya kai idon tsohuwa. To ga shi ko'ina a duniya ana iya buɗe shi, ban da garin da aka yi shi.

Ta bar bakin teku ta shiga taksi, su shida a matse. A wata mararraba jandarma ya leƙo ya karɓi takardun kowa, ya fitar da wani bawan Allah mai jakar kayan aiki, direba ya ja mota ba wanda ya waiwaya. Rahamatou ta jingina kai da gilashi, nan da nan ta tafi ƙauyen da ba ta taɓa gani ba. Da kalmomin Malam ta gina shi: gawo a ƙofar masallaci, zaure mai sanyi, tsohuwa 'yar ƙarama tana jan carbi. Sai ta hangi wayar tana tahowa hannu zuwa hannu kamar farantin goron suna, daga tashar mota zuwa majalisa, daga majalisa zuwa cikin gida. Ta yi ta tare mata hanya a zuci. Ta kashe mata batir, wani ya kawo caja. Ta jefa ta rijiya, aka zura guga. Kunya da nadama suka cika mata ciki, ta ji kamar ta ce direba ya wuce da ita duk inda hanya ta ƙare.

Tana sauka a Nombakélé wayoyin unguwa suka ɗauki kuka gaba ɗaya. An saki rezo. Mata na fitowa daga shaguna suna duba saƙonni, ita kuwa ta kwasa da gudu, jaka na dukan bayanta. Ta tarar da Malam Ikirama zaune gaban wutarsa, garwashi ya yi toka, nama ko ɗora shi bai yi ba. Ta durƙusa ta gaishe shi a gurguje, ta buɗe kwamfuta a kan benci.

"Baba, ya dawo. Yanzun nan zan sauke."

Ya ce ta dakata, ƙanwarsa Ummussalma ta kira shi ɗazu daga gida, don intanet kaɗai aka datse, kira na shiga. Hoton ya isa tuntuni. A gidan suna aka nuna wa tsohuwa, gaban mata, wata mai ɗan banzan baki ta miƙa mata wayar tana cewa ta ga Malamin Gabon. Tsohuwa ta kai wayar kusa da ido, ta duba tsaf, ta mayar. Ta ce wannan ba ɗanta ba ne, kama ce, nata ɗan malami ne, kuma uwa ba ta ɓata ɗanta. Tun daga nan bakin kowa ya mutu, don ba mai ƙaryata ta a kan abin da ta haifa.

Rahamatou ta rasa ko ta yi hamdala ko ta yi kuka. Ta ce to ai gara a sauke, maganar ta bi ruwa.

Malam ya ɗauki mafici ya soma fifita garwashin, bai dube ta ba.

"Ummussalma ta ce kullum da hantsi, in gida ya watse, sai tsohuwa ta kira ta ɗaki ta ce ta buɗo mata mahaucin nan na Gabon. Ta riƙe wayar, ta yi ta kallo. Jiya wai cewa ta yi, bawan Allah, ya yi furfura, amma da gani yana cin abinci." Wuta ta fara kamawa. "Rabonta da fuskata tun ba a haife ki ba. Bar shi, 'yata."

Ta rufe kwamfutar a hankali. Shi kuma ya jawo tiren nama ya fara jerawa.