Yadin Ɗan Takara

Shekara tara ke nan da rufe masaƙar, amma duk sanda Foman, tsohon shugaban ma'aikatanta, ya wuce ta bakin ƙofarta sai ya ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Matarsa ta ce tsufa ne, shi ya ce injina ne. Tun da aka buɗe iyaka yadin waje ya kwararo da arha kamar banza, mutum dubu biyu suka koma gida: wasu tuƙin babur, wasu gadi, wasu kabari.

Wata safiya sai ga mijin autarsa, wanda yake yi wa wani ɗan takara hidima, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, maigidanmu zai zo masaƙa ranar Asabar. Ya ce in ya ci zaɓe zai toshe wa yadin waje hanya, injina su tashi. Mutanen nan ba sa jin ta kowa sai taka. Ka tara su, ka ce ka tsaya masa."

"In na tsaya masa ya zauna fa?"

"Haba Baba, ba zai ba mu kunya ba."

Shekara talatin Foman yana shugabancin masu saƙa, bai taɓa ce musu fari ba suka tarar da baƙi. Abin da ya rage masa ke nan a duniya. Amma yaron nan mijin 'yarsa ne, kuma shi kansa, in za a faɗi gaskiya, yana son a yaudare shi ko da sau ɗaya. Ya bi gida-gida ya tara su.

Ranar Asabar aka ɓalle kwaɗon babban zauren. Rana ta tsattsago ta hujojin kwano, ƙurar auduga tana iyo a cikin hasken kamar ba ta taɓa sauka ba. Injina suna kwance cikin tamfol kamar shanun da suka ƙoshi. An jera kujeru a gaba, ba wanda ya zauna. Kowa ya wuce ya tsaya a gindin injin da ya yi aiki a kai, ba tare da an ce masa ba. Foman ya lumshe ido, ya ga bel ɗin injina yana gudu, zare yana tsalle, ya ga har waɗanda suka mutu suna tsaye a layinsu da auduga a gemu. Ya ji warin man inji, ya ji jiniyar canjin aiki tana kuka daga can nesa, kamar daga ƙarƙashin ruwa.

Ɗan takara ya hau tebur da lasifika. Mutum ne mai daɗin murya. Ya ce zai tsare iyaka, ya ce yadin gida zai sake rufe bayan 'yan gida. Zauren ya yi tsit, shi kuma ya ɗauka maganarsa ce take ratsa su.

Bai san masu saƙa ba. Ƙarar injina ta cinye musu kunne tun suna samari, don haka da leɓe da yatsu suke hira, daga wannan bango zuwa wancan, ba sauti ko kaɗan. Yana ta zuba, su ma suna ta tasu.

"Tumbin nan zai ci yadi biyar," in ji leɓen Dogo, mai gyaran bel.

"Kai dai hassada, sandar rake," wani ya mayar masa daga layi na shida.

Sai 'yan hidima suka shiga raba kyauta, yadi mai hoton ɗan takara, kowa ƙwarya ɗaya. Hannu ya riga tunani. Mutum ɗari uku suka juya yadin baya a tare, suka murza gefensa. Yaya Mai Duba, wadda ta yi shekara ashirin tana tantance yadi kafin ya fita, ta zare zare ɗaya, ta ɗaga shi a haske, ta lasa. Ta dubi Foman daga can ƙarshen zaure, leɓenta ya motsa.

"Na waje ne. Irin wanda ya kashe mu."

Maganar ta bi layi-layi ba ƙara. Foman ya murza nasa. Sitaci ne da fenti, wanki biyu fuskar mutumin za ta bi ruwa.

"Yanzu uban masaƙa zai yi magana!" in ji surukinsa, ya miƙo masa lasifika hannu biyu, idonsa yana roƙo.

Foman ya karɓa. Injinan da suke gudu a kansa suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ina aka saƙa wannan?"

Ɗan takara ya dubi yadin, ya dubi 'yan hidimarsa. "Gaskiya ban sani ba. Na ce dai a nemo mai sauƙi."

"Ka faɗi gaskiya, Allah ya saka maka. Haka kowa ya ce, shi ya sa ka same mu a haka." Ya juya ga mutanensa. "An ce in tsaya masa. Ban tsaya ba. Ban kuma ce ku ƙi shi ba, kowa da yatsansa ranar zaɓe. Ni na kira ku, ku yafe mini kuɗin mota."

Ya ninke yadin ninki huɗu yadda ake ninke wanda aka mayar saboda aibi, ya ajiye a kan tebur. Mai Duba ta ɗora nata a kai, Dogo ya biyo, tarin ya yi ta tashi har ya kai ƙirjin ɗan takara.

A bakin ƙofa surukinsa ya tare shi. "Baba, ka kashe mini aiki."

"Na sani. Ka kawo 'yata da yaran gidana ku ci abinci, har ka sami wani."

Yaron ya juya ya bi motocin ɗan takara. Foman ya tsaya har kowa ya fita, masu wucewa suna taɓa kafaɗarsa, sannan ya ja ƙofar da kansa.