Farantin da Ya Sauke Ni daga Dokta

A unguwarmu, can gefen ruwan Tiga, Dokta ake kirana. Ban taɓa leƙa ajin likitanci ba, tumatir nake nomawa da rani. Sarautar ta samo asali ne daga wata jakar leda da nake tara ragowar magani a ciki. Duk wanda zazzaɓi ya kama a gidana, kwana biyu zai sha kafso, da ya miƙe sai in ce ya isa, a ajiye sauran saboda gaba. Maƙwabta ma suna aikowa, ina bayarwa da fuskar masani.

Sai matata Badiyya ta kwanta. Zazzaɓi, ciwon kai, ciki yana murɗawa. Na ba ta kafso mai ja da baƙi, na ba ta farin dogo, na haɗa mata su biyun. Kwana tara jikin sai ƙara zafi yake, har ta fara hira da kakarta da ta shekara ashirin a kabari. Nan na ɗauki shatar mota zuwa asibiti.

Likitar ta ce taifod take zargi, kuma in aka ƙara sakaci hanji zai iya hujewa. Ta tambayi abin da aka ba ta. Na jero mata tiryan-tiryan. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya rubuta mata waɗannan?"

"Wani ne a unguwa," na ce. "Ba mu ma cika shiri da shi ba."

Aka ɗebi jini aka aika Kano, don a rayar da ƙwayar cutar a ga wane magani ne yake kashe ta. Kafin nan aka sa mata ruwa, aka fara wani maganin. Zazzaɓin ko gezau.

Rana ta biyar na kasa zama, na hau mota na je karɓo sakamakon da kaina. Mai gwajin, Malam Mudassir, sa'ana ne, furfurarmu ɗaya. Da na dame shi da tambaya sai ya ce in tsaya bayan gilashi, ya ɗago wani ɗan faranti mai murfi. Samansa ya yi yana kamar kunun da ya huce, an jera wasu fararen takardu ƙanana kamar maɓallan riga.

"Wannan yanar ita ce cutar maiɗakinka," in ji shi. "Kowane maɓalli magani ne. Dubi wannan."

Yanar ta zo har jikin maɓallin, ta rungume shi.

"Wane ne wannan ragon?"

"Mai ja da baƙi."

Na yi tari. Na biyu haka, na uku haka. Har wanda ake ba ta a asibiti, cutar ta kusa hawa kansa ta zauna. Sai ya juya farantin. Ga wani maɓalli shi kaɗai, kewaye da fili tas, kamar an share da tsintsiya.

"Wannan fa? Malam, wannan fa?"

"Allura ce. Wannan bai san wasa ba tukuna."

"Rabin feshi!" na faɗa da ƙarfi, har wata mata ta ja ɗanta gefe. Ai na san wannan aikin! Shekara nawa ina faɗa da masu gonar kusa da ni, masu cika wa maganin feshi ruwa don ya yi auki? Raunanan tsutsotsi su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, baɗi ka fesa su ɗauka wanka ne. Ashe abin da nake hana a yi wa tumatir shi nake yi wa iyalina.

"Ba kai kaɗai ba ne, Malam Alasan," ya ce. "Irinku sun fi mu yawa. Ka kuma duba ruwan da kuke sha."

Na fizgi takardar sakamakon na fita a guje. A mota na hana direba sakat, duk wanda ya ce zai sauka sai in ji kamar in riƙe shi. Daga Kwanar Ɗangora na hau acaɓa, hula a hammata, takarda a baki. Na faɗa ɗakin marasa lafiya ina haki.

"Likita! Na samo shi! Allura ce!"

"Sannu da ƙoƙari," ta ce. "Sun turo mini ta waya tun hantsi. Har an yi mata ta farko."

Kwana huɗu ina taɓa goshin Badiyya kamar mai gwada dutsen guga. Da safiyar na biyar na ji shi da sanyi. Na sake taɓawa, na taɓa nawa, na taɓa na majinyaciyar gadon kusa, mijinta ya harare ni. Badiyya ta buɗe ido.

"Baban Zayyad, wai rawar me kake yi a gaban mutane? Samo mini koko. Kuma ka nemo mota, na warke, gida za ni."

"Saura allura shida."

"Kai ne yau kake faɗar haka?"

"Ni ne."

Ta zuro ƙafa tana laluben takalmi a ƙarƙashin gado. Na riga ta. Na ɗora takalman a kan benci na zauna a kai, na ce wa mai kokon da ke waje ta miƙo kofi ta taga.