Mai Walda a Kujerar Likitar Haƙori

"Wuta? A cikin bakina?"

Mai walda ya yunƙura zai sauka daga kujerar, matarsa ta danne masa kafaɗa.

"Ba wuta ba ce, haske ne, leza ake ce masa," in ji likitar. "Zan ɗaga dasashin in kankare dattin da ya taru a gindin haƙoran. Hasken zai kashe ƙwayoyin cutar da suka rage, sai in ɗinke."

"Likita, ni ma da haske nake narka ƙarfe. Na san aikinsa."

"To, in ka tafi haka, na gaban nan biyu da suke girgiɗi ba za su daɗe ba."

Ya taɓa su da harshe, suka motsa. Ya daɗe yana tofar da jini in ya goge baki, yana cewa zafin gari ne. Sai da babban mai ba shi kwangila ya fara ja da baya in suna ciniki, sannan ya yarda matarsa ta kawo shi.

Aka miƙo masa baƙin gilashin kare ido. Ya jujjuya shi, ya taɓe baki.

"Wannan ɗan abin? Da kun faɗa da na zo da nawa."

"Baban yara, kwanta mana. Kai da tartsatsi ke zubo wa a wuya kana waƙa?"

Ya kwanta. Aka yi masa allura, baki ya zama kamar na aro. Ya ƙanƙame hannun kujera yana jiran ƙauri da tartsatsi, yana addu'a a zuci. Ƙarar kankara kawai ya ji, da wani ɗan tsit-tsit. Har ya so ya tambayi kuɗin injin, ya tarar harshen ba ya hannunsa.

Da aka gama, likitar ta cusa masa auduga.

"Abinci mai laushi, ban da mai zafi. Yau kuma ka rage magana."

Matarsa ta gyara zama, fuskarta ta washe.

"Yau ba magana, likita?"

"Kaɗan dai."

"Madalla. Baban yara, ƙofar gidanmu da ta ɓalle tun bara, gobe za ka yi mata walda. In ba ka yarda ba, ka faɗa."

Ya zare ido. "Mmmf!"

"Likita, ke ce shaida. Ya yarda."

Likitar ta cire safar hannu tana danne dariya. "Gobe ya huta. Jibi dai."