Yunwar Barsu

Duk garin Turawa babu karyar farauta kamar Barsu, karyar Yusha'u, kuma gaskiya aikin matarsa Kubura ne. Ita ke dama mata dusa da romon ƙashi, ta sa kan kifi da dafaffen wake, ta canza mata ruwa safe da yamma. Gashin karyar har ƙyalli yake. Shi Yusha'u aikinsa riƙe igiya da shan kirari.

Da babbar farautar dajin Rogo ta matso, sai ga abokinsa Daudu, mutumin da ko kyanwa bai taɓa rayawa ba, amma in ana zancen kare bakinsa ke gaba.

"Wannan ai tunkiya kake kiwo," in ji Daudu. "Ƙosasshen kare ba ya kamu. Kulle ta, ka hana ta ci. Ranar fita ka daka mata barkono da gidan rina, ka ga zafi."

Kubura ta jiyo su daga cikin gida. "Maigida, don Allah kada ka biye masa. Ba ta san yunwa ba, lalata ta za ka yi."

Bai ji ba. Ya kulle Barsu a ɗakin kara kwana da kwanaki ba ci, ta yi ta haushi har muryarta ta dushe, Kubura na jin ta tana hawaye. Ranar fita ya ɗura mata haɗin nan, ta fito ido jajur, haƙarƙari a waje.

Hantsi bai gama ɗagawa ba zomo ya tashi. Barsu ta wuce karnukan Rogo da na Yammedi, ta cafke shi, ƙashi ya ce ƙaras. Da can takan danne nama ta jira ubangidanta. Yau ta farke cikin ta hau ci.

Mafarauta suka yo kanta da gora, kowa na son ƙwace. Yusha'u ya riga su, ya miƙa hannu. Ta saki zomon ta kama shi a wuyan hannu, ta girgiza, jini ya yi tsartuwa har fuskarsa. Ya kira sunanta, ya sake kira, ba ta saki ba.

"Ta haukace! A kashe!"

Gora ta sauka a ƙugunta, wata a gadon baya. Sai da bayan ya karye ta buɗe baki. Daudu kuwa tuni ya laɓe bayan wata kalgo.

Babban abin takaicin, ba ta mutu ba. Ta jawo jiki da ƙafafun gaba, na baya suna jan ƙasa, ta zo ta ɗora kai a kan ƙafar Yusha'u tana nishi, amai da jini na fita ta bakinta.

Wani dattijon mafarauci daga Rogo ya dube ta, ya miƙo gorarsa.

"Ɗana, wahala take sha. Kai za ka ƙarasa ta, ko ni?"

Hannun dama ba ya riƙo. Yusha'u ya karɓa da hagu, ga shi bai iya duka da hagu ba. Bugun farko bai kashe ta ba.