Rigar da Surayya Ta Zana

"Sauke ta," in ji Hajiya Sabuwa, tana nuna mutum-mutumin robar da ke bakin shagon. "Sauke ta yanzu-yanzu. Guda nawa kike da su?"

Mai shagon, wata 'yar China siririya da ke cin taliya a tsaye, ta ajiye kwanon ta nuna shida da yatsu. Sabuwa ba ta ko taya ba, ita da duk kasuwar Canaan ta birnin Guangzhou aka sani da cinikin da ke sa mai kaya kuka. Ta ɗora wayarta a kan lambar biya, ta cusa rigunan a baƙar leda, har da wadda aka tuɓe wa robar. Ƙarfe biyu saura kwata, kuma ƙarfe uku 'yarta Surayya za ta sauko daga jirgin ƙasa a tashar Sanyuanli, su haɗu a kasuwar nan su sayi takalmi.

Yau ne furom, liyafar da makarantarsu ke yi wa masu gama sakandare, ƙarfe shida a wani otal a titin Huanshi Lu. Wata uku yarinyar ta yi tana zana rigar da za ta sa: kore mai duhu, dogon hannu, da aikin zare irin na babbar riga amma an karkatar da shi zuwa kafaɗa ɗaya. Ranar da ta miƙa wa uwar takardar, abu guda ta roƙa.

"Umma, ni kaɗai. Don Allah ni kaɗai."

"Ke kaɗai a duniya," Sabuwa ta ce, har da dafa ƙirji.

To, akwai teloli a unguwar Xiaobei da za su ɗinka guda ɗaya cikin kwana huɗu. Amma shekara goma sha huɗu Sabuwa tana loda kaya zuwa Kano, idonta ya riga ya lalace: da ta kalli zanen, Kantin Kwari ta gani ana turereniya. Ta kai wa masana'antar da take hulɗa da ita, inda ba a kunna keke a kan riga ɗaya. Ta ce a yi ɗari uku, ta ɗauki guda ɗaya ta kai wa Surayya gida. Lissafinta mai sauƙi ne: kafin kwantena ta isa Legas, ta hau mota zuwa Kano, an yi wata biyu da manta furom. Abin da ta ƙi tunawa shi ne masana'anta ba ta taɓa ɗinka daidai adadi. Kullum akwai rara, kuma rarar ta ƙofar baya take fita. Ita kanta sau nawa ta sayi rarar wasu tana murna!

Ba rigar ce ke cin ranta ba. Mahaifin Surayya na Kano, tun da aka gama jarrabawa yake kiran ta dawo gida. Yarinyar ce da bakinta ta ce a'a, hutun nan gaba ɗaya da Ummanta za ta yi shi, wata biyu cif, kafin ta tafi jami'a. Tun rabuwarsu da uban, Sabuwa ba ta taɓa samun hutu guda ita da 'yarta ba, kowace shekara sai an ɗauke ta. Wannan ne na farko, kuma ta san shi ne na ƙarshe.

Ta hau bene na biyu da sauri, ta bi layi-layi tana leƙe. Shago na tara, ga ta nan a rataye, kore shar. Guda huɗu. Ta kwashe a wata ledar.

"Akwai sauran a ciki?"

"Meyo," in ji mai shagon, wato babu. Amma idonsa na kan ledar hannunta, kuma kafin ta juya ya riga ya ɗauki waya.

Ta kira mai masana'antar, wanda take ce wa Lawban, wato maigida, tana tafiya tana haki. "Lawban, me ka yi mini? Ban ce kada ko ɗaya ta fita ba?"

Ya yi ta dariya yana haɗa Turanci da Sinanci. Kaɗan ne, in ji shi, kaɗan ƙwarai, kuma ai abin farin ciki ne, kaya masu kyau ne. Ta kashe wayar kafin ta zage shi.

Da ta sauko ƙasa sai ta tsaya cak. Shagon farko, wanda ta tuɓe wa mutum-mutumi kusan awa guda da ta wuce, an sake sa masa rigar. Na kusa da shi ma haka. Na gaba wata mata na kan kujera tana rataye biyu a sama, inda kowa zai gani. Innalillahi! Ita da kanta ta yi musu talla. A kasuwar nan, in Hajiyar Kano ta kwashe kaya ba ciniki, kowa ya san an samu abin da zai tafi, sai a ruga ɗakin ajiya a fito da shi. Mai taliyar nan har ɗaga mata babban yatsa take yi.

"Hajiya Sabuwa! Ke ma kin gan ta ke nan?"

Fasuma ce, 'yar Maradi, ƙawarta ta fatauci, wadda 'yarta Habsatou ke aji ɗaya da Surayya. Ta taho da fara'arta tana fifita da gefen mayafi.

"Walla rob ɗin nan ta yi kyau. Jiya da marece na ɗaukar ma ɗiyata guda, ita za ta sa yau wurin fet ɗin lekol, liyafar makarantarsu. Ke, lafiya? Kin yi zufa haka?"

Sabuwa ta riƙe mata hannu. "Fasuma, don girman Allah, kira ta. Ki ce kada ta sa. Zan saya mata duk wadda take so a Guangzhou."

"Don mi?"

"Ki kira ta kawai!"

Fasuma ta zuba mata ido, sannan ta kalli ledojin biyu, fara'ar ta gushe. "Ai tun da rana ta gwada, ta ɗauki hoto ta aika ma 'yan ajinsu duka."

Sabuwa ba ta san lokacin da ta fito bakin ƙofa ba. Zafin Yuni ya rufe ta kamar an buɗe tukunya. Uku saura biyar. Surayya na tsaye gefen masu turin kaya, da jakar makaranta a kafaɗa, ba ta shiga ba. Wayarta na hannunta. Ba kuka take yi ba, kuma wannan ya fi tsorata uwar.

"Umma, kin ga hoton Habsatou?"

"Sace zanen suka yi, Surayya. Mutanen nan ba su da amana, kin san halinsu. Wallahi tun ɗazu nake bi shago-shago ina kwashewa, kin gani..."

Yarinyar ta sunkuya ta zaro riga ɗaya daga ledar. Ta shafa aikin kafaɗar, ta duba ɗinkin hannu, sannan ta juya wuyan. Ga ɗan ƙyallen nan fari da ake ɗinka wa duk kayan uwarta, da zaren zinariya: Sabuwa Kano.

"Ɓarawo ba ya ɗinka sunanki a wuya, Umma."

Wani mai turin kaya ya yi musu tsawa su ba shi hanya, suka matsa.

"Guda nawa?"

"Surayya, ki bari mu je gida..."

"Guda nawa kika ce a yi?"

"Ɗari uku."

Surayya ta gyaɗa kai a hankali. Ta ninke rigar tsaf, yadda uwar ta koya mata ninkin kayan sayarwa, ta mayar cikin ledar.

"Da kin tambaye ni, da na zana miki wata. Goma ma zan zana miki. Abin da na so mu yi da hutun ke nan."

Nan ne hawaye suka zubo wa Sabuwa, a gaban mutane, ba ta ko damu ba. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba. "Ki yafe mini. Mu shiga wani wuri, mu nemi wata rigar, akwai lokaci."

"A'a, tawa zan sa. Ni na zana ta." Ta gyara jakarta, ta ɗaga wa tasi hannu. "Takalmin ma ki bar shi, na Sallah bai tsufa ba."

Motar ta tsaya. Ta buɗe ƙofa, ta sa ƙafa ɗaya, sannan ta waiwayo. Muryarta ba ta tashi ba, cikin ladabi ta yi maganar.

"Umma, ki kira mai tikiti ya dawo mini da tafiyata Kano zuwa Litinin ɗin nan. Zan faɗa wa Abba ya zo filin jirgi."

Tasin ta shige cikin motoci. Sabuwa na nan tsaye a rana, da leda a kowane hannu.