Jirgin da Fanka ke Turawa

A rumfar Don Eulogio Cantillo masassaƙin kwale-kwale aka ƙulla maganar, gahawa na huci a gabansu, shi da mijin ƙanwarsa, Nicanor Pertuz mai gyaran fanka da rediyo.

"Sake faɗa in ji, ɗan tudu," in ji Don Eulogio. "Ɗan jirgi tsawon kamu ɗaya, ba kowa a ciki, ba farfela a ruwa?"

"Fanka za ta tura shi daga sama, suruki. Ni ina nan tsaye da rimot, shi yana can yana tafiyarsa."

"Har ya ratsa waccan?" Ya nuna da leɓe. Daga rumfar zuwa ƙofar coci, tafiyar taku ɗari biyu, kainuwa ce ta rufe ruwan ruf. Bana kogi ya kwararo da ita ba kaɗan ba, duk injin da ya shiga sai ta naɗe masa farfela.

"Zai ratsa. Kai dai ka sassaƙa mini jikinsa da icen balsa, mara nauyin nan."

"To ji sharaɗina. Ranar bikin Maryamu ta Karmen, da safe, gaban kowa. In ya taɓa matakalar coci, shi zai shiga gaban jerin jirage, inda nawa yake shiga shekara ashirin da biyu. In ya kasa, wata guda kana feɗe mini kifi a nan, da zanen girkin matarka Ubaldina ɗaure a ƙugunka."

Suka tafa.

Shekarar Nicanor talatin da ɗaya a garin nan da gidajensa ke tsaye kan turaku cikin ruwa. Daga birnin Barranquilla ya zo gyaran janareto, ya ga Ubaldina, ya zauna. Ranar da ya fara riƙe gorar tuƙi, gorar ta kafe a laka, kwale-kwale ya wuce ya bar shi rungume da ita. Daga ranar sunansa ya ɓace, sai ɗan tudu. Kowane gida na da jirginsa a jerin biki, shi kuwa a na surukinsa yake zama, tsakiyar mata masu riƙe da furanni. Ba ya magana a kai, amma abin na cinsa.

Kayan aikin sun daɗe a akwatinsa: ɗan inji da farfela na wani jirgin sama na wasa da ya faɗo ya ragargaje, ya saye shi a kasuwar 'yan gwangwan, da batir, da rimot ɗin da ya farfaɗo da shi da hannunsa. Ya ƙera wa injin 'yar hasumiya da ƙarfen tsohuwar laima, ya kewaye farfelar da ragar fankar tebur don kada ta yanke wa wani yatsa.

Kwana shida Don Eulogio ya kawo jikin jirgin. Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya sassaƙa. Siriri, ciki mai kaifi, hanci a ɗage, kwale-kwalen gaske ne aka ƙanƙance. Aka ɗaura inji, aka sa a ruwa a bayan gida inda ba kainuwa. Nicanor ya tura maɓalli. Fanka ta yi ƙara, jirgi ya zabura, ya duƙar da hanci, ya karkata, sai ga shi ciki a sama.

Don Eulogio ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ubaldina! Wanke zanen nan, aiki ya same shi!"

Kwana uku Nicanor na busar da inji cikin buhun shinkafa yana tunani. Ya gane inda matsalar take: kwale-kwale daga ƙasa ake tura shi, wannan kuwa daga sama, to siririn ciki ba abin da zai hana shi kifewa. Amma wane irin ciki? Yana zaune a matakala Ubaldina na wanki, sai farantin katakon da take ɗora sabulu ya suɓuce mata. Maimakon ya maƙale, sai ya zame a kan kainuwa sumul, iska na kora shi, har sai da ta jawo shi da gora.

Bai ko sa takalmi ba ya sa aka kai shi rumfar surukinsa.

"Shimfiɗaɗɗen ciki nake so, mai faɗi, kamar faranti."

Don Eulogio ya ajiye gizago. "Ubana bai sassaƙa faranti ba, kakana bai sassaƙa ba. Ga ice nan, kwashi. Amma hannuna ba zai taɓa wannan abin kunya ba."

Haka Nicanor, wanda bai taɓa feƙe ko muciya ba, ya zauna da wuƙa da takardar goge katako. Ya yanke yatsa sau biyu. Abin da ya fito ba shi da kyan gani ko kaɗan, gefe ɗaya ma ya ɗan fi ɗaya kauri. Ya shafe cikinsa da kakin kyandir don ya yi santsi, ya kwantar da batir can ƙasa a tsakiya, ya rage wa hasumiya tsawo. Allunan juya jirgi kuma, biyu, ya yanko su daga murfin bokiti ya kafa a bayan fanka, cikin iska, ba abin da ya taɓa ruwa.

Ranar biki garin duka ya fito. An yi wa jirage ado, mutum-mutumin Maryamu na cikin babban jirgi ana jiran a sare hanya cikin kainuwa da adduna. Da aka ga abin da Nicanor ya rungumo, wani masunci ya ɗaga murya: "Don Nicanor, soyayyen kifi za a raba mana a ciki?"

Nicanor ya durƙusa ya ajiye shi a ruwa, ya miƙe, ya goge tafin hannu a wando, ya tura maɓalli.

Jirgin ya hau kainuwa kamar an shimfiɗa masa tabarma. Ganye na kwantawa a bayansa, shi yana wucewa. Dariya ta ɗauke. Taku hamsin, taku ɗari. Mata suka fara kiran sunayen waliyyai. Saura kaɗan ya kai, sai ya hau wani curi inda kainuwa ta cukurkuɗe da ciyawa, ya tsaya cak. Fanka na kuka, jirgi ko motsi. Nicanor ya ƙure maɓalli, ya ji ƙarar ta fara sanyi, batir na ja baya.

Don Eulogio na tsaye kusa da shi. Nasara ta zo masa har gida, shiru kawai zai yi. Amma mutumin da ya yi shekara sittin a ruwa ba ya iya kallon jirgi a kafe.

"Kai ɗan tudu, sassauta! Ba a fitar da jirgi da ƙarfi! Girgiza shi, hagu, dama, hagu, kamar mai rawa!"

Nicanor ya sassauta, ya shiga kaɗa alluna. Jirgin ya murguɗa gindi sau ɗaya, sau biyu, a na huɗu ya zame ya sauka. Ya lallaɓa a hankali ya je ya dungure matakalar coci, fada, limamin cocin, na tsaye a kai da rigarsa fara.

Aka ɓarke da ihu, mai ƙararrawar coci ya kama bugu ba a sa shi ba. Ubaldina ta juya ga yayanta ta riƙe ƙugu. "To, Eulogio, ja jirginka baya, na gidana zai wuce."

Da aka sare hanya, ɗan jirgin ne a gaba da farin fure ɗaya a hancinsa, Nicanor na tsaye a babban jirgi kusa da Maryamu yana tuƙa shi, ƙirji a buɗe.

In ana lissafin wanda ya ci da wanda aka ci, Nicanor ya sami gaban jeri, masunta kuma suka koma ce masa kyaftin, rabi wasa rabi gaske, shi kuwa gasken yake ji. Don Eulogio ya rasa wurinsa, ya rasa mai feɗe kifi na wata guda, kuma da bakinsa ya jawo. Sai dai har yau duk baƙon da ya zauna a rumfarsa sai ya ji cewa wayoyi kawai surukinsa ya haɗa, tuƙin kuwa na Don Eulogio ne.